Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan Hausawan Sudan da malaman makaranta a kan natijar Shahada

Zuwa ga iyayenmu sarakunan Hausawa da umdodi, wato dagatai, na Gadarif, Kassala, Sinnar, Mai Wurno, Damazin, Madani da Bur Sudan, da 'yan uwana malaman sakandare, da shugabannin majalisun iyaye a makarantun unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da ta'aziyyar waɗanda muka rasa cikin wannan fitina da ta auka wa ƙasa, na rubuto muku ne a kan natijar jarrabawar Shahada ta Sudan, wato jarrabawar kammala sakandare, da yadda 'ya'yanmu suke karɓarta hannu biyu ko da kuwa akwai alamar kuskure a cikinta. Ni malamin lissafi ne da ya yi ritaya, na koyar a ajin ƙarshe na sakandare, na kuma zauna cikin masu gyaran takardun Shahada. Buƙatata gare ku ita ce ku kafa ɗan ƙaramin kwamiti a kowane gari wanda zai zauna da iyaye a duba natijar yaro tun ranar da ta fito, ya taimaka a shigar da koke kafin lokaci ya ƙure, sannan ku, da bakinku da ake ji, ku nemi Wizarar Ilimi ta Tarayya, wato ma'aikatar ilimi, ta fitar da rubutacciyar hanyar sake dubawa wadda talaka zai iya bi. Na zaɓi in rubuta da Hausa domin a karanta wa uwa da uba a tsakar gida, su ma su san abin da yake haƙƙinsu.

Iyaye da yawa suna jin an ce nisbar wane tamanin ce, ta wance saba'in da takwas, ba tare da sun san yadda ake fitar da ita ba. Darussa bakwai ake lissafawa. Huɗu daga ciki wajibi ne a kan kowa, wato Larabci, Turanci, addini da lissafi, sauran ukun kuwa sun danganta da ɓangaren da ɗalibi ya bi, na kimiyya ko na adabi. Kowane darasi maki 100 ne, ana cinsa da 50, jimla ta zama 700, sai a raba da bakwai a sami nisba. Ma'anar wannan ita ce kowane maki bakwai daidai suke da kashi ɗaya cikin ɗari. Yaron da ya tara 560 nisbarsa 80 ce, amma idan aka tsallake masa amsa guda mai maki 14 wajen tarawa, sai ya koma 78 ba tare da ya yi laifin komai ba. Wanda bai taɓa cika takardar neman jami'a ba zai ga kamar kashi biyu ba wani abu ba ne, alhali ofishin karɓar ɗalibai na Wizarar Ilimi Mai Zurfi yana jera masu nema ne bisa nisba, daga sama zuwa ƙasa, har kujerun kowace kulliya su cika, kuma sau da yawa abin da yake raba wanda ya shiga da wanda ya rasa bai kai kashi ɗaya ba. Kulliyar likitanci ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana neman sama da 90. Haka kuma wanda yake son karatun digiri sai ya ci darussa huɗu na wajibi da ukun da kulliyar take nema, saboda haka 49 a Turanci maimakon 50 tana iya rufe wa yaro ƙofar digiri gaba ɗaya, ko da ya yi fice a sauran shidan.

Ina so in yi wa tsarin gyaran adalci, domin na san shi daga ciki. Mai gyara ba ya ganin sunan ɗalibi, ba ya ganin lambar zamansa, domin ma'aikatan kontrol, wato sashen da yake kula da sirrin takardu da maki, suna ɓoye su, su sa wata lamba ta sirri kafin takarda ta iso gare shi. Ana gyara bisa amsoshin da aka amince da su tun farko, akwai kuma masu bi ta baya suna duba tarawa. Wannan tsari ne mai kyau, shi ya sa Shahadar Sudan ta yi suna a ƙasashen waje, kuma ban taɓa yarda da masu cewa an kayar da yaro saboda ƙabilarsa a teburin gyara ba, domin mai alƙalami bai san ɗan wa yake gyara wa ba. Sai dai takarda ɗaya tana bi ta hannaye masu yawa. Akwai mai rubuta sunan wanda ya halarta da wanda bai halarta ba a zauren jarrabawa, akwai mai ƙirga takardu ya ɗaure su, akwai mai sa lambar sirri, akwai mai gyara, akwai mai ɗauko maki daga cikin shafuka ya jera su a bangon takardar, akwai mai shigar da su kwamfuta, akwai kuma mai mayar da lambar sirri ga mai ita. A kowace gaɓa daga cikin waɗannan mutum ne yake aiki, da idonsa da gajiyarsa, kuma ana maganar takardun ɗalibai dubu ɗaruruwa ne a cikin 'yan makonni. Shafi biyu suna iya mannewa a tsallake amsa, 71 tana iya shiga kwamfuta a matsayin 17, wanda ya zauna ya rubuta ana iya sa masa alamar bai zo ba. Babu wata hukumar jarrabawa a duniya da ta kuɓuta daga irin wannan, kuma abin da yake bambanta hukuma da hukuma shi ne ƙofar da ta buɗe domin a gyara.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wa kowace gaɓa nauyi. Ɗaliban da ya kamata su zauna a 2023 ba su samu zama ba sai ranar 28 ga Disamba 2024, na 2024 kuma suka biyo baya a tsakiyar 2025. Tsakanin waɗannan ranaku Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba 2023, Singa ma ta faɗa hannunsu a tsakiyar 2024, jama'armu ta watsu zuwa Gadarif da Kassala da Bur Sudan, wasu kuma dama tun rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ba su koma gidajensu ba. Yaro ya yi rajista a wata jiha, ya zauna jarrabawa a wata, makarantarsa ta asali ta zama masaukin 'yan gudun hijira ko kuma an kwashe takardunta, mudiri, wato shugaban makarantar, da ya san shi yana wani gari. Malaman da suka yi gyaran ma da yawansu sun yi watanni ba albashi. Wanda duk ya ga an iya yin jarrabawar a wannan hali ya san an yi ƙoƙari, kuma ya kamata a yaba. Amma shi wannan halin ne kuma yake sa lambar wani ta hau kan ta wani, ko makin darasi guda ya ɓace a hanya. Da natija ta fito a 2025 an ji koke-koke da yawa a Facebook da jaridu, ɗalibai suna cewa abin da suka gani bai yi kama da abin da suka rubuta ba.

Abin da ya dame ni, ranku ya daɗe, shi ne su wane ne suka yi koken. Mafi yawa 'ya'yan waɗanda suka san ofis ne, masu waya da intanet, masu kawu lauya ko inna ma'aikaciya. A unguwanninmu kuwa yaro ya dawo da natija, uba ya dube ta ko a karanta masa, ya ce haka Allah ya so, magana ta ƙare. Na san dalilin wannan shiru, kuma ba na raina shi. Mutanenmu sun daɗe suna shan tambayar asali a duk lokacin da suka je neman takarda, ko da kakan kakansu a nan aka haife shi, ko da zuriyarsu tana bakin Nilu tun zamanin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda ya saba da irin wannan tarba yakan guji ofis ko da gaskiya tana hannunsa. Ga kuma kunya, wadda take sa dattijo ya ga kamar tambayar maki rashin ladabi ne ga malami. Sai a haɗa duka a kira shi yarda da ƙaddara.

A nan nake roƙon malamanmu na addini su sa baki, domin su jama'a take saurara a masallaci. Yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi. A cikin wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari a kan alƙalanci, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ya sake dubawa ya gane ta, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Idan alƙali da kansa an umarce shi ya sake duba hukuncinsa, ina ga mai tara maki? Manominmu da ya kai riɗi kasuwar amfanin gona ta Gadarif yana tsayawa a kan ma'auni da idonsa, idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya ce a sake ɗorawa, kuma ba wanda yake cewa ya yi jayayya da rabonsa. Karatun shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da ɗansa ya yi bai gaza buhun riɗi daraja ba.

Kuma kun fi ni sanin abin da yake biyo bayan natija maras kyau a gidajenmu. Yarinya idan aka ce ta faɗi, ba safai ake ba ta dama ta biyu ba, kafin shekara ta zagayo an sa ranar aurenta. Yaro kuwa ya tafi aikin gona a manyan gonakin dawa da riɗi, ko ya bi masu haƙar zinariya zuwa arewa, littafi kuma ya rabu da shi ke nan. Aure da noma duk alheri ne, amma ba daidai ba ne a yanke wa yaro makomarsa a kan lambar da wataƙila ba tasa ba ce. Mu da muke kukan ƙarancin likitoci da lauyoyi da injiniyoyi daga cikinmu, bai kamata mu bar ko ɗalibi ɗaya ya zube ta wannan hanya ba.

Wajibi ne kuma a faɗa wa iyaye gaskiya kada a ɗaga musu rai a banza. Kuskure iri biyu ne. Akwai na lissafi da rubutu, kamar amsar da ba a gyara ba, tarawar da ba ta yi daidai ba, maki da aka shigar a juye, ko alamar rashin halarta ga wanda ya halarta. Wannan a fili yake, duk wanda ya buɗe takarda zai gan shi, kuma gyaransa ba ya buƙatar gardama. Akwai kuma saɓanin ra'ayi, kamar a insha'in Larabci ko na Turanci inda wani malami zai ba da goma sha biyu wani ya ba da sha huɗu. Wannan yana da wuyar canzawa ko'ina a duniya, kuma yaron da kawai yake jin ya cancanci fiye da abin da ya samu ba lallai ne ya yi nasara ba. Yawancin natijoji daidai suke. Abin da ya kamata kwamiti ya sa wa ido shi ne alamar da take ihu da kanta: ɗalibin da ya saba cin tamanin a lissafi duk shekarunsa, ya ci hakan a jarrabawar gwaji, sai ga shi da ashirin, alhali sauran darussansa shida duk suna sama; ko gurbin darasi da aka bari babu komai; ko darasin da bai zauna ba ya bayyana a natijarsa.

Akwai wani kuskuren da ya fi shafarmu fiye da sauran jama'a, shi ne na suna. Sunayenmu irin su Ɗanjuma, Gambo, Tanko da Ɓaidu suna da sautukan da haruffan Larabci na ofis ba su da su, saboda haka kowane magatakarda yana rubuta su yadda kunnensa ya ji. Sai ka tarar sunan kaka a takardar makaranta daban, a lambar ƙasa, wato takardar shaidar ɗan ƙasa, daban, a Shahada kuma daban. Ba a ganin illar wannan sai ranar da yaro ya je neman jami'a, ko ya kai shahadarsa a buga mata hatimi domin karatu a waje, a ce masa sunaye huɗun, nasa da na ubansa da na kakanninsa, ba su dace ba. Gyaran harafi ɗaya a lokacin rajista aikin ɗan lokaci ne, bayan an buga shahada kuwa sai ya zama tafiya da kashe kuɗi da jira.

Kwamitin da nake nema ba ya buƙatar ofis ko kasafi. Malami ɗaya ko biyu, da ɗalibin jami'a mai waya, da mace mai ilimi wadda za ta iya shiga gidaje ta yi magana da iyaye mata, da wakilin sarki ko umda wanda zai raka uba idan tafiya ofis ta kama, sun isa. Aikinsu ya fara tun kafin jarrabawa, su tabbatar sunan kowane ɗalibi ya dace da na lambar ƙasa, su ɗauki hoton katin lambar zama, su rubuta cibiyar da ya zauna da ɗakin da ya zauna, su ajiye natijar gwaji da ta shekarun baya. Takardu sun ƙone ko sun ɓace a gidaje da yawa cikin wannan yaƙi, hoto a waya biyu ko uku yana iya zama shaidar da ta rage. Ranar da natija ta fito su zauna a makaranta ko a zauren sarki, kowane yaro ya zo da tasa. Wanda aka ga alama a tasa, a rubuta masa koke da Larabci mai kyau, gajere, mai ɗauke da suna da lambar zama da darasin da ake magana a kai da dalilin shakka, a bi da shi ta hannun mudirin makaranta zuwa ofishin jarrabawa na jiha, a karɓi shaidar an miƙa, a kuma riƙe kwafi. Duk wannan cikin kwanakin farko, domin neman jami'a ba ya jiran kowa.

Abin da ya fi ƙarfin kwamiti shi ne wanda nake ɗora muku, iyayenmu, domin ku ne kuke zama da gwamnonin jihohi da manyan wizara. Ku nemi a buga hanyar koke tare da natija a rana ɗaya, a faɗi inda ake kai shi, da kwanakin da aka bayar, da ranar da za a ba da amsa, kuma a karɓe shi a kowace jiha, kada a ce sai wanda ya iya kuɗin mota zuwa inda wizara take. Ku nemi a bar ɗalibi ya ga hoton takardar amsarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne, maƙwabciyarmu Masar tana yin haka a jarrabawarta ta sakandare, ɗalibi ya biya kuɗi a kan kowane darasi, ya je ya duba hoton takardarsa, idan aka tarar yana da gaskiya a ƙara masa makinsa a mayar masa da kuɗinsa. A Ingila ma makaranta tana iya neman takardar ɗalibinta ta kuma nemi a sake duba gyaran. Idan za a sa kuɗi a nan, a yafe wa 'yan gudun hijira da marayu. Ku nemi wanda zai sake dubawa ya zama ba shi ne ya yi gyaran farko ba, amsa kuma ta zo a rubuce da dalilinta. Mafi muhimmanci a wurina, a ajiye wa mai koke matsayinsa a neman jami'a har a gama, domin babu amfanin a ce wa yaro yana da gaskiya bayan kujerar da ya cancanta ta tafi, a bar shi da karatun kuɗi wanda ubansa ba zai iya ba.

Haka nan idan akwai wani daidaitawa da ake yi wa maki bayan gyara, saboda takardar wata shekara ta yi tsauri ko wata tambaya ta zo da matsala, to a bayyana ƙa'idarsa ga kowa. Daidaitawa ba laifi ba ne idan ya hau kan kowa daidai, ɓoye shi ne yake haifar da zargi. A 2020, lokacin annobar korona, Ingila ta fitar da sakamako ta hanyar wani lissafi na kwamfuta da jama'a ba su gamsu da shi ba, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye shi ta koma ga makin da malamai suka bayar. Kuma zai ƙara wa Shahada daraja idan wizara tana faɗin adadin koken da ta karɓa kowace shekara da adadin da aka gyara.

Ina gargaɗin iyaye da babbar murya game da masu buga waya ko aiko saƙo suna cewa suna da ɗan uwa a kontrol, a tura musu kuɗi su ɗaga nisba. Ɓarayi ne, kuma ko da za su iya, haramun ne, domin kujerar da aka saya ta wani yaron ce da ya yi karatu. Haka kuma kada koke ya zama zagin malamai a Facebook. Idan an duba aka tarar natija daidai take, aikin kwamiti bai ƙare ba, sai ya zauna da uba ya nuna masa cewa maimaita shekara ba abin kunya ba ne, ajujuwan masu maimaitawa suna nan, difloma da makarantun sana'a suna nan, kuma yarinya ta cancanci dama ta biyu kamar yadda ɗan uwanta ya cancanta.

Kada mu manta da waɗanda ko zaman jarrabawar ba su samu ba, musamman a Darfur da sassan Kurdufan inda hanya ta yanke, a cikinsu akwai 'ya'yanmu. Ku sa maganarsu a gaba duk lokacin da kuka samu shiga wurin hukuma. 'Yan uwanmu mazauna Jidda da Makka da Riyad waɗanda 'ya'yansu suke zaman Shahadar Sudan a can, su ma su kafa irin wannan kwamiti, domin nisan da yake tsakaninsu da ofishin jarrabawa ya fi namu, kuma waɗanda Allah ya hore wa a cikinsu suna iya ɗaukar kuɗin mota da na takardu ga marayun da suke nan.

Ina roƙon kowane sarki da umda ya kira malaman unguwarsa kafin a buɗe rajistar jarrabawa mai zuwa, a fitar da sunayen 'yan kwamiti, a sanar da su a masallacin Juma'a. Ni da wasu abokan aikina da suka yi ritaya a shirye muke mu koya wa duk wanda aka zaɓa yadda ake karanta natija da yadda ake rubuta koke, ba tare da an biya mu komai ba.

Allah ya ja zamaninku, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Malamin lissafi mai ritaya,
Gadarif.